Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Muna gaida manoma da makiyaya, maza da mata, musamman na ƙaramar hukumar El Alasan Mairairai cikin gundumar Mayahi, da ƴan'uwansu na Isawan da Kanambakashe da Sarkin Hausa, da na Urafan da Tasawa. Wanda ke bakin rumbu ya ɗan dakata, wadda ke sussuka ta jingine taɓarya, ku ba mu aron kunnuwanku.

Hirarmu ta yau a kan wani ciwo take, wanda ba a kai shi likita, ba a kuma san ganyen da ake jiƙa masa ba. Sunansa "kada a ce". Kada a ce ba ni da shi. Kada a ce ban sani ba. Kada a ce bikin ɗiyar wane ya fi na ɗiyata. Wannan ciwo yana kama birni yana kama ƙauye, kuma yanzu ne lokacinsa, don da kaka ake ɗaurin aure, da kaka kuɗi ke shiga hannu, da kaka kuma mutum ke yanke shawarar da za ta bi shi har damina.

RUFIN ASIRI DABAN, ƘARYA DABAN

Kafin mu yi nisa, bari mu raba abu biyu da suka yi kama. Bahaushe in ya ɗaga hannu yana roƙon Allah, abin da ya fi nema shi ne rufin asiri. To, mene ne rufin asiri? Shi ne ka ci, iyalinka su ci, ku sami abin suturta jiki, ba ka miƙa wa kowa hannu ba. Mai rufin asiri ba dole ba ne ya tsaya a dandali ya faɗi abin da ke cikin rumbunsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan kunya ce mai kyau, iyayenmu suka bar mana ita, ba ita muke zargi ba.

Abin da muke zargi shi ne mutum ya nuna abin da ba shi da shi, sa'an nan ya biya kuɗin nunin da abincin ƴaƴansa. Wancan ya yi shiru ne a kan abin da ke akwai. Wannan kuwa ya buga ganga ne a kan abin da babu.

Ku tambayi tsofaffi labarin dubu. A ƙasashen Maraɗi, a zamanin da, manomin da ya ga ƙarfinsa ya kai yakan yi shelar zai yi dubu, wato ya tara dami dubu na hatsi. A fito da dammuna fili, jama'a su gani da idonsu, ya yi rabo ga dangi da makaɗa da mabukata, sa'an nan a kira shi sarkin noma. Kun ga kakanninmu ma suna son suna, suna son kirari. Amma kirarin yana zaune ne bisa hatsin da aka noma da gumi. Ba a yin dubu da damin aro.

MU YI LISSAFI

Kai maigida, ɗauko tsinke ka zana a ƙasa, ko ka ɗauko alli in kana zuwa aji. Ƙasarku rairayi ce, sunan garin ma ya faɗa, kuma kun fi kowa sanin abin da gona ke bayarwa in ruwa ya yi gardama.

A ce gidanka mutum 8 ne, kuna cin tiya 2 ta hatsi kowace rana. A wata, tiya 60 ke nan. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40, saboda haka kowane wata buhu ɗaya da rabi ke fita. A shekara kana bukatar buhu 18. To, a ce bana ka sami buhu 14, ban da iri da zakka. In kun fara ci daga farkon Oktoba, zai kai ku ƙarshen Yuni, har da ɗan saura na kwana 10. Ka ga tun ba a yi biki ba, akwai giɓi na wajen wata biyu da rabi kafin sabon gero ya nuna.

Yanzu ga auren ɗanka ya taso. Maƙwabcinka bara ya yanka sa, ya ɗauko makaɗa daga nesa, ya yi hayar motoci. Ciwon "kada a ce" ya motsa maka. Ka kai buhu 4 kasuwa, a lokacin da kowa ke kai nasa, hatsi ya faɗi warwas. Saura buhu 10. Buhu 10 zai ƙare wajen 20 ga Afrilu, ko ruwan shuka bai sauka ba. Buhu 4 ɗin nan tiya 160 ne, wato abincin kwana 80. Bikin kwana biyu ya cinye abincin kwana 80.

Daga nan kowa ya san hanyar. Hatsin da ka sayar da arha, shi za ka koma saye da tsada. In babu kuɗi, sai bashin nan da ake kira a-ci-ba-daɗi, ka karɓa da damina ka biya da kaka har da riba mai nauyi. In bai isa ba, sai barema: ka bar gonarka ciyawa na cinta, kana noman ta wani don tiyar da za a daka da dare. Gonar da ba ta sami noma a kan lokaci ba, ba ta cika rumbu. In shekara ta sake zagayowa haka, sai jinginar da gona. Mutanen da suka yi maka guɗa ranar biki, ko ɗaya ba za ka gani a bakin rumbunka cikin watan Agusta ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Wannan damuwa ba yau ta fara ba. A zamanin Janar Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta yanka wa kuɗin aure iyaka. Malamanmu kuma kullum suna jan kunne a kan riya, wato yin abu don idon mutane, suna faɗa mana auren da bai wahal da kowa ba ya fi albarka. Duk da haka abin bai bari ba, don doka tana tsayawa ne a ƙofar gida. Abin da ke cikin zuciyar maigida, shi kaɗai ke iya gyara shi.

GARE KU, IYAYENMU MATA

Ku ma kun san naku nauyin. Ƙawarki ta kawo miki dala ɗari ranar sunan ɗanki. Ranar nata, al'ada ta ce ki ninka, ki kai jika ɗaya. Ta dawo miki da jika 2, ki mayar da jika 4, ta kawo 8, ki nemi 16. Biki zumunci ne, kuma ajiya ce, ba mu ce a bari ba. Amma tsofaffin mata sun san dabara: in abin ya yi nauyi, ƙawaye biyu sukan zauna su karya shi, su koma ƙasa su sake farawa. Yau sai ki ga mace ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, wadda yara ke shan nononta, don kada a ce ta kasa. Da ta buɗe baki ta ce, "Ƙawata, bana ba ni da ƙarfi," wataƙila ƙawar ma ajiyar zuciya za ta yi, don ita ma abin ya ishe ta.

Haka zancen kayan ɗaki. Uwa ta ari kwanoni da katifa ta jera wa amarya, ƴan kallo su shigo su yaba, bayan kwana bakwai masu kaya su aiko a kwashe. Wa aka ruɗa? Dangin miji suna gani, kishiya tana gani. Yarinyar da aka so a ɗaukaka, ita aka bar wa gori. Kwano uku nata na kanta sun fi mata talatin na aro, don zanen aro ba ya rufe katara.

Ku dubi abin da matan jihar nan suka koya wa duniya. A 1991, a nan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE tare da matan karkara suka fara asusun da ake kira Mata Masu Dubara. Mata su taru kowane mako, su yarda a kan abin da kowace za ta iya zubawa ko da ƙanƙane ne, a ƙidaya kuɗin da ƙarfi a gaban kowa, a rufe cikin akwati. Mai bukata ta ci bashi ta biya, in wa'adi ya cika a raba. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya. Me ya riƙe shi? Ba a zuba kuɗin baki a akwati. Wadda ta ce za ta iya abin da ba ta iyawa, mako uku ya isa a gane. Wadda ta faɗi iyakar ƙarfinta kuwa, ita ke kaiwa ranar rabo.

GARE KU, SAMARI ƳAN CI RANI

Da an gama girbi za ku kama hanya, wasu Kano da Legas, wasu Agadas da Arlit, wasu har Libiya da Aljeriya. Neman halal ba abin kunya ba ne, kuma gidaje da yawa da kuɗinku suke kai damina. Amma ku ji wannan. Saurayi ya yi wata biyar yana kwana a tasha, yana tura kurar ruwa, wani lokaci cikinsa babu komai. Ranar dawowa sai ya zuba abin da ya tara a kan shadda da agogo da babbar salula. Kafin ya iso ma, ya riga ya aiko da hotonsa ya jingina da motar da bai san mai ita ba. In ya zauna a dandali sai labarin daɗi, ba ya faɗin daren da ya kwana da yunwa.

Ƙanensa yana gefe yana saurare. Baɗi sai ya bar makaranta, ko ya sa tsoho ya sayar da tunkiya a yi masa kuɗin mota, ya tafi neman abin da bai taɓa kasancewa ba. Ka ga ƙaryarka ta zama guzurin wani.

Hanyar nan ba wasa ba ce. A 2011, da yaƙi ya tashi a Libiya, dubun dubatar ƴan ƙasarmu suka dawo, da yawansu hannu wofi. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Talauci ne ya fitar da su daga gida, wannan gaskiya ne. Amma mai shirin tafiya yana da hakki a kan wanda ya je ya dawo: ya gaya masa nawa ake samu, nawa ake kashewa, ina ake kwana, me ake gamuwa da shi a hanya. In ya ji duka ya ce zai tafi, to, ya tafi da idonsa a buɗe.

ABIN DA AKA ƁOYE BA YA SAMUN MAGANI

Akwai wurin da "kada a ce" ke kisa kai tsaye. Yaro ya fara ramewa, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura. Uwa ta san tamowa ce. Amma tana tsoron a ce ta yi kwanika, uba kuma yana tsoron a ce ya kasa ci da gidansa. Sai a lulluɓe yaron da zane, in baƙo ya tambaya a ce haƙora ne. Ana haka har ya daina karɓar nono.

Alhali kuwa abin yana da magani. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan ma'auni mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore, lafiya lau. Rawaya, a yi hattara. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a kai shi likita ranar nan. Uwa da kanta tana iya koyon awon, ko ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Yaron da aka kai da wuri yakan warke yana gida, da abincin nan na gyaɗa da madara da ake bayarwa cikin ƴar leda. Wanda aka ɓoye sai ya galabaita, shi ake kwantarwa, wani lokaci kuma a makara.

Yadda abin yake ga gida, haka yake ga ƙasa. Manya cikinku sun ga El Buhari a 1984, matasa kuma sun ga 2005. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Da daminar 2005 ta zo, akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi, amma buhu ya haura jika 25, talaka sai kallo. A watan Agusta na shekarar, shugaban ƙasa na lokacin, Tandja Mamadou, ya faɗa wa ƴan jarida cewa babu yunwa a Nijar, ƙarancin abinci ne irin wanda aka saba. A wannan shekarar ce ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a ƙasar nan, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A 2010 wani ƙarancin abinci ya sake zuwa. Gwamnatin Salou Djibo, wadda ta karɓi mulki a watan Fabrairu na shekarar, ta fito fili ta ce kusan rabin jama'a na cikin hatsari, ta nemi taimako. Wahala an sha ta, amma agaji ya fi saurin isowa. Mutuncin ƙasa bai ragu ba don ta faɗi halin da take ciki.

"IDONA KE CIWO"

A azuzuwan yaƙi da jahilci muna ganin wani reshe na wannan ciwo. A miƙa wa dattijo takarda, sai ya ce idonsa ke ciwo, ko ya ce ya bar tabarau a gida. A ce ya zo aji, sai ya ce shi da gemunsa ba ya zama kan tabarma yana ba, bi, bu. Alhali fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su karanta boko, abin da yake ɓoyewa kowa na fama da shi. Wani ma yana karanta ajami sarai, rabin aikin ya riga ya yi.

To, dubi abin da ɓoyon ke jawo masa. Ɗansa ya aiko da saƙo daga Libiya ta salula, sai ya kira wani yaro ya karanta masa. Kafin magariba gari duka ya san nawa aka aiko. An kawo takardar bashi ko ta jinginar gona, sai ya dangwala yatsa, bai san ko buhu 2 aka rubuta ko 5 ba. Ya guji kunyar wata shida a cikin aji, ya ɗauki tonon asiri na dukan rayuwa. Wanda ya ce "ban sani ba" sau ɗaya a gaban malami, ya huta da faɗinta a gaban kowa. Gemu ba ya hana ilimi, girman kai kuwa rawanin tsiya ne.

IN NA FAƊI GASKIYA, BA ZA A RAINA NI BA?

Wani zai ce, "Malam, faɗi da baki sauƙi gare shi. Mu muke zaune a garin, mu za a yi wa dariya." Gaskiyarka. Za a yi magana. Wanda ya yi walima da fura da goro inda aka saba yanka sa, zai ji habaici a bakin rijiya. Amma maganar mutane kwana nawa take yi? Da wani bikin ya zo an manta da naka. Bashi kuwa ba ya mantuwa, mai shi ya san ƙofar gidanka.

Kuma ba mu ce ka yi shela a kasuwa ba. Mutum huɗu ne ya kamata su ji gaskiyarka. Na farko kai kanka: ƙidaya dammunanka kafin ka sa ranar biki. Na biyu matarka, don ita ke auna tiya, ita ke fara ganin gindin rumbu. Ka ce mata, "Uwargida, ga abin da muke da shi, ga watannin da ke gabanmu, me kika gani?" Na uku surukinka. Ka aika masa da dattijo a ce, "Baba, muna son zumunci, amma ga iyakar ƙarfinmu bana." Surukin kirki ya fi son ɗiyarsa ta tarar da hatsi a gidan miji da ta tarar da bashin bikinta. Na huɗu wanda aikinsa ne ya taimake ka: ma'aikacin lafiya, malamin gona, malamin aji, ƴan kwamitin bankin cimaka.

Abu ɗaya kuma yana sauƙaƙa shi, wato a yi shi tare. In mutum ɗaya ya rage biki, sai a ce rowa. In mai gari da liman da shugabar mata suka zauna da jama'a aka yanke abin da za a riƙa yi, babu mai jin kunya. Masu hali kuma su fara, don in mai shanu ya yi biki daidai wa daida, ya sauke wa marar akuya kaya daga ka.

TAMBAYOYI DOMIN MASU SAURARE

In kun kashe rediyo kada ku watse, ku tattauna waɗannan:

1. A garinku, buhu nawa na hatsi aure ɗaya ke ci, tun daga gaisuwar iyaye har tarewa? Abincin kwana nawa ke nan ga gida mai mutum 8?

2. Cikin abubuwan da ake yi a biki, wanne ne addini ya wajabta, wanne ne zumunci, wanne ne "kada a ce"?

3. Wa zai iya fara kiran taron rage nauyin biki a garinku, kuma yaushe?

Wanda ya iya rubutu a cikinku ya rubuta amsoshin, ku ba malamin ajinku ya aiko mana, za mu karanta su a wannan fili. Allah ya ba mu rufin asiri na gaskiya, ya sa hatsin bana ya kai mu na baɗi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.